Ranar da Bushiya Ta Kwanta Rub da Ciki

Ga ta nan tafe gare ku.
Ta iso, muna ji.

Da rani Kura ta tare rafi. Duk mai son ruwa sai ya kwanta rub da ciki ta taka bayansa, alamar ya bi.

Ranar da aka taka tsohuwar Gada har ta kasa tashi, Bushiya ta rantse an yi na ƙarshe. Ta je ta kife.

Kura ta dubi ƙayoyin, ta ce, "Ke an yafe miki, sha ki wuce."

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, ashe akwai bayan da kike tsoro?"

Dabbobi suka zuba ido. Kunya ta sa Kura ta ɗora ƙafa da ƙarfi.

Har yau ɗingishi take yi, kowa kuma a tsaye yake shan ruwa.

Ƙurunƙus, sauran sai kan ɓera.