Yatsun da Siminti Ya Cinye

Akwai wani dattijo magini, 'yan uwa, wanda duk ginin da ya gama sai ya ɗauki gawayi ya rubuta lambar wayarsa a jikin katangar waje. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Katangun nan su ke kawo masa aiki, shekara da shekaru, da lamba ɗaya tal.

Sai gwamnati ta kafa doka cewa duk layin wayar da ba a haɗa shi da katin shaida ba, ƙarshen wata za a rufe shi. Dattijo kuwa bai taɓa yin katin ba. Matarsa ta ce masa in aka rufe layin nan, sai ya bi gari katanga-katanga yana gogewa, ga gwiwa ba lafiya. Ya yi dariya, amma washegari ya yi sammako zuwa ofishin rajista.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da bencina da fanka mai ƙara, da tebur biyu. A na farko wani saurayi ne da ake kira Walƙiya, don kafin ka gyara zama ya sallame ka. A na biyu wata mata ce mai tabarau. Abokan aiki suna ce mata Kunkuru a bayan idonta, wani lokaci ma a gabanta, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da abin da take yi.

Teburin Kunkuru dattijo ya faɗa. Ta ɗauki hotonsa, ta ce ya ɗora yatsa a kan gilashin na'ura. Fitila ta kawo ja. Aka gwada wani yatsan, ja. Aka bi su duka, babu wanda na'urar ta karɓa. Ta juya tafin hannunsa ta duba. Siminti ya cinye zanen yatsun, sun yi sumul kamar ragowar sabulu.

Walƙiya ya leƙo daga teburinsa ya ce, "Baba, taso nan. Na'ura yatsa take so, ba ruwanta da na waye. In sa maka nawa, yanzu ka kama gabanka." Haka yake yi wa masu wanki da leburori, suna tafiya suna sa masa albarka. Kunkuru ta sha ja masa kunne, har ta gaya wa Oga, shugaban ofishin, amma Oga yawan waɗanda aka sallama kawai yake dubawa.

Dattijo ya yunƙura zai tashi. Kunkuru ta ce, "Baba, in tambaye ka. In katanga ta tsage, mai gida ya ce ka shafe da fulasta kada a gani, kana yi?"

Ya ce, "Wasu na yi. Ni ba na yi."

Ta ce, "To, nima ba na yi."

Ya kalle ta, ya kalli Walƙiya, ya koma ya zauna yana gunguni.

Ta ce ya nisanci siminti na 'yan kwanaki, ya riƙa shafa mai a hannu safe da yamma, sa'annan ya dawo. Ya ce, "'Yata, kin taɓa ganin magini ya yi gaba da siminti? Ke za ki ciyar da ni?" Ta ba shi haƙuri, ta ce ya dai gwada.

Ya gwada ɗin. A wurin aiki ya tsaya gefe da safar hannu yana nuna wa leburori da baki, su kuwa suna tsokanarsa wai Baba ya zama injiniya. A gida matarsa kan miƙo masa man shafawarta, ta ce ya yi a hankali, kada hannunsa ya fi nata laushi.

Da ya koma, na'ura ta sake kawo ja. Ya ce ta ɓata masa lokaci, ya faɗa mata maganganu masu zafi a gaban mutane. Da ya gama, ta ce ya ƙara haƙuri ya dawo.

Ana dab da ƙarshen wata ya sake zuwa. Ƙaramin yatsansa na hagu ya kawo kore. Sauran yatsun kuwa sun ƙi, sai ta ɗauki hoton tafukansa, domin dokar ta tanadi hanya ga masu gogaggun yatsu, sai dai hanya ce mai tsawo da ma'aikata ke gudu. Ta bar abincinta a rufe, ta je ta tsaya a ƙofar Oga har ya amince. Ta dawo ta ce, "Baba, an gama. Wannan naka ne, ba na aro ba."

Wata ya ƙare. Babbar na'urar hedikwata ta gano yatsa ɗaya a kan mutane masu yawa, ta soke rajistarsu, aka rufe layukansu. Aka dakatar da Walƙiya. Wayar dattijo kuwa tana ta ƙara, har masu neman wasu magina suna kiransa, don layukan waɗancan maginan sun daina shiga.

Ran nan Kunkuru ta iso ofis ta tarar da bencina cike da masu wanki da leburori, kowa hannu na ƙyallin mai. Dattijo ne ya tattaro su. Ya miƙe ya ce, "'Yata, na zo ba ki haƙuri, kuma na kawo miki wahala. Na gaya musu za ki bar su su jira, za ki ce su dawo, kada wanda ya yi miki tsaki."

Ta gyara tabarau, ta ce na farko ya matso.

Darasi: Doka da na'ura ba su san halin da talaka ke ciki ba, wanda ke zaune a bayan tebur shi ya sani. In ka gamu da ma'aikacin da ya ƙi yi maka ha'inci ko da kai ka roƙa, kada ka zage shi, ka gode masa. Ku tura wa duk wanda jama'a ke jira a gaban teburinsa.