Lambar da Ba Ta Zama Magana Ba

Akwai wani mutum, manomi, yana da ɗa guda ɗaya tak. Ɗan ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, sai ya sami aiki a jirgin ruwa, can tsakiyar teku inda waya ba ta shiga. Da zai tafi ya ce, "Baba, kada ku damu. Na shirya wa kwamfuta aiki. Kowace safiya za ta aiko muku da saƙo, ta gaya muku kwanakin da suka rage in dawo."

To, kwamfuta tana da halinta. A wurinta lamba daban, rubutu daban. Lamba ta lissafi ce. In ana so ta shiga cikin magana, sai an fara mai da ita rubutu. Garin sauri, ɗan ya manta da wannan. Kullum kwamfutar takan rage kwana ɗaya daidai, ta zo haɗa lambar da kalmomi, abin ya ƙi, ta yi shiru.

Tsohon kuwa da gari ya waye sai ya duba wayarsa. Babu komai. Ya hau tudun bayan gona ya ɗaga ta sama, ya kai ta wurin mai gyara, aka ce lafiyarta lau. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Kewa ta cinye shi, ya rame, har ya daina ambaton ɗan a gaban mutane.

Ran da ɗan ya dawo, ya ji saƙo bai taɓa zuwa ba, ya duba kwamfutar, ya durƙusa ya ce, "Baba, ai ko kwana ɗaya lissafin bai ɓace ba."

Tsohon ya riƙe hannunsa yana hawaye, ya ce, "Ɗana, ni ban ga lissafi ba. Shiru na gani."

Ma'anar misalin nan ke nan: lambar ita ce ƙaunar da ke cikin zuciyarka. Tana nan daidai, ba wanda ya musa, amma wanda kake ƙauna ba ya ganin cikin zuciya. Allah kansa bai bar ƙaunarsa a sama ba, ya aiko da Yesu don mu ji da kunnenmu. Mu kuwa sai mu ce, "Ai sun sani." Ina suka sani? Akwai wanda ya tashi yau da safe yana sauraron muryarka, kai ma ka san ko wane ne. Kada ka bari ya saba da shirunka.