Wankin Injin Da Ya Tona Asirin Na-Sani

Akwai wani magidanci da abokansa suka laƙaba wa suna Na-Sani, don kafin ka rufe baki ya riga ya ce maka "na sani". Yana da tsohuwar mota da ta haura shekara ashirin, kuma ta daɗe tana yoyon baƙin mai. Kullum da safe sai ya janye kwalin da yake shimfiɗa mata a ƙasa, ya ƙara mai, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ana haka sai yayar matarsa, ma'aikaciyar jinya ce mai tafiya nesa zuwa wurin aiki, ta ce tana neman motar saye. Na-Sani ya rantse mata tasa lafiyarta ƙalau. Suka sa ranar da za ta zo ta gani.

Da safiyar ranar ya kai motar wurin wanki. Wanda ya tarbe shi wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, ya fi shekara goma a wurin.

"Buɗe bonet ka wanke mini injin nan tas. Kada in ga ko ɗigon mai."

Baba ya leƙa, ya taɓa wayoyin. Ya ce, "Yallaɓai, robobin nan sun bushe. In na sa ruwa mai ƙarfi zai shiga filogi. Bari in rufe su da leda, sauran in bi da tsumma."

"Na sani. Wanki na kawo, ba karatu na zo ɗauka ba. Sa ruwa, sauri nake."

Baba ya sake magana, Na-Sani ya daka masa tsawa. Sai Baba ya ɗauki tiyo ya yi yadda aka ce.

Inji ya fito fes. Amma da Na-Sani ya murza makulli, motar ta tashi da ƙyar, tana jijjiga kamar mai zazzaɓi. Ko ƙofar wurin bai kai ba ta mutu.

Ya fito ido jajur, ya ci kwalar Baba.

"Tsohon banza, ka kashe mini mota. Da ƙafarta ta shigo nan. Wa ya koya maka aiki?"

Mutane suka taru. Mai wurin wankin ya fito daga ofis, bai tambayi ba'asi ba, ya ce wa Baba ya ajiye tiyo ya bar masa wuri. Baba ya wanke hannunsa, ya koma gefen titi ya zauna a kan bokitinsa.

Daidai lokacin Yaya ta kira waya. Na-Sani ya ce wani mai wanki ne ya lalata motar. Ta ce ya jira ta a nan, ga ta nan da bakanikenta.

Bakaniken bai yi dogon bincike ba. Ya zare wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya, ga ruwa kwance a ramukan. Ya busa iska, ya goge, ya mayar. Mota ta tashi lafiya lau.

Na-Sani ya washe baki. "Kin gani ko, Yaya? Inji kamar sabo."

Bakaniken ya ce, "A bar ta ta yi zafi tukuna."

Minti goma ba su cika ba, sai ga baƙin layi yana gangarowa daga murfin saman inji. A ƙasa kuma mai na ɗiga tsakanin inji da giya. Da dattin yana nan, da babu mai lura. A kan wankakken ƙarfe kuwa, ko daga nesa ana gani.

Na-Sani ya yi wuf ya ce, "Ruwan tsohon nan ne ya fasa wani abu."

Bakaniken ya ɗago ya dube shi. "Ruwa ba ya cinye gasket, robar da ke tare mai, yallaɓai. Leƙa ƙasan motar inda tiyo bai kai ba, ka ga man da ya daskare. Wannan yoyon ya shekara."

Bakaniken ya buɗe but ɗin bayan motar zai nemi tsumma, sai ga galan huɗu na baƙin mai, duk babu komai a ciki.

Yaya ta dubi galan ɗin. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba, amma kowa ya ji.

"Ni za ka yi wa haka? 'Ya'yanka a hannuna aka haife su. Ka san hanyar da nake bi, babu gari babu gareji. In baƙin mai ya ƙare inji ya ƙone a can, me za ka faɗa wa ƙanwata?"

"Yaya, wallahi na yi niyyar..."

"Rufe mini baki. Ina mutumin da ka sa aka kora?"

Mai wurin, kunya ta ishe shi, da kansa ya je ya taso Baba. Na-Sani ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, wai a yi haƙuri.

Baba ya ce, "Ban ji ba. Da ƙarfi ka zage ni a gaban mutanen nan. Da wannan ƙarfin za ka faɗa musu wanda ya ce a sa ruwa."

Na-Sani ya dubi Yaya, ta kau da kai. Dole ya buɗe murya ya faɗa, har masu shaguna na tsallaken titi suka ji.

Baba ya koma bakin aikinsa. Yaya ta tafi da bakanikenta, ko sallama ba ta yi masa ba. Kafin Na-Sani ya isa gida labari ya riga shi, ya tarar matarsa tsaye a bakin ƙofa tana jiransa.

Darasi: Kada ka ɗora wa na ƙasa da kai laifin da ka san naka ne, kuma kada ka ɓoye aibin kaya ga wanda ya amince da kai. In mai sana'a ya gargaɗe ka, saurara kafin ka ce ka sani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsofaffin motoci.