Tofin Malam Dabo

Akwai wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da Gezawa, sunanta Barira. A shekarun tsadar nan da kwanon masara ya gagari talaka, aka gano ɗanta Kamilu yana da sankarar jini. Sai da suka sayar da awakinsu kaf kafin aka fara masa magani a Kano.

Ranar sallama likita ta ja mata kunne: "Maganin nan ya karya masa garkuwar jiki. Murar da wani zai warke da ruwan citta, shi tana iya kashe shi. Duk mai tari ko atishawa, kada ya matso."

Barira ta riƙe maganar gam. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, tana tsayar da su a tsakar gida. Ai kuwa gari ya ɗauka: ta je birni ta koyo wulaƙanci. Ta toshe kunnenta.

Rannan sai ga surukinta, Malam Dabo, kakan Kamilu, ya shigo yana jan hanci, murya a shaƙe.

"Ina abokin faɗan nawa? Matsa in tofa masa."

Ku da kanku kun san kunyar suruki. Matar da ta kori rabin gari, sai ga ta durƙushe, kai a ƙasa, baki ya ƙi buɗuwa. Malam ya zauna bakin gado, ya karanta, ya tofa a fuskar yaron, ya shafa masa kai.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya rufe Kamilu, numfashi yana fita da kyar. A babur aka kai shi bakin titi, daga nan sai asibiti, aka sa masa robar iska a hanci.

Likita ta tambaya, "Wa ke mura a gidan?"

Malam Dabo, da ke tsaye a ƙofa, ya ce, "Ni ne." Ya juyo wajen Barira, idonsa ya kawo ruwa. "Kin sani, kika ƙyale ni?"

"Baba, kunya na ji."

"Kunyata ta fi ran Kamilu? Wallahi da kin kore ni da tsintsiya, da na sa miki albarka."

Allah Ya yi da sauran kwana, yaro ya tashi. Tun ranar da suka dawo, Malam ya shimfiɗa buzunsa a zaure. Ko liman ne ya yi tari, daga nan zai juya.

Wata safiya Kamilu ya ɗaga murya daga ɗaki: "Tsoho, me ya sa ka daina tofa min, rowa ce?"

Malam ya goge ido ya ce, "Ja'iri, daga nan nake yi. Addu'ar tana isowa."

Darasi: Addu'a ba ta buƙatar a matso kusa. In kana mura, gaishe da yaro mai fama da sankara daga nesa. Ke kuma uwa, kada kunya ta rufe miki baki a kan ran ɗanki. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wata Barirar na jiran wanda zai faɗa a madadinta.