Sunan da Gimbiya Ladingo Ta Kasa Kira

A wani zamani mai nisa, tun mutum da aljan suna cin kasuwa ɗaya, an yi wani ƙasaitaccen sarki a ƙasar Duwatsun Marke, ana ce masa Sarki Barmo ɗan Ɗayyabu, gagara-gasa, mai faɗa a ji, mai kyauta ba ya waiwaye. Allah Ya ba shi dukiya da bayi da talakawa masu biyayya, amma ɗa guda ɗaya tak Ya ba shi, daga matarsa Gimbiya Ladingo, mace mai natsuwa da kamun kai, wadda ko murmushi ba ta yi sai ta kare baki da gefen mayafi. Aka raɗa wa yaron sunan kakansa, Ɗayyabu. To, ga shi ɗan fari, ga shi kuma da sunan surukinta, kunya biyu ke nan ta taru a kan harshe ɗaya. Tun ranar suna har ya yi gemu, ba mahalukin da ya taɓa jin sunan nan a bakinta. In tana nemansa sai ta kau da kai ta ce, "Ku ce wa yaron nan ya zo." Matan gari suka yi ta yabonta, wai ba a taɓa yin mai alkunya irinta ba, ita ma, in za a faɗi gaskiya, tana jin daɗin yabon.

Da Yarima Ɗayyabu ya kawo ƙarfi, fatake suka cika masa kunne da labarin Birnin Hantsi, birnin aljanu da ke bakin wani makeken kogi, daf da inda yake zuba cikin teku, inda rana ba ta faɗuwa, ba ta kuma yin tsaka, kullum tana nan tsaye a hantsi, mai haske mai taushi. Ya roƙi izinin zuwa yawon buɗe ido, ya ce kallo kawai zai yi ya juyo. Ya tafi, shiru kake ji. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Aka tura barade, mutum ɗaya ne ya dawo, ya faɗi gaban sarki ya ce duk baƙon da ya kurɓi ruwan kogin nan mancewa yake da ko shi wane ne, ya zama baran birnin. Sarkin aljanun kuwa, Marzuƙanu, ba ya sakin kowa sai wadda ta haife shi ta zo da ƙafarta, ta kira shi da sunansa na yanka a gaban fada, kira ɗaya.

Baƙin ciki ya kwantar da Sarki Barmo. Ya sa aka kira gimbiya, ya ce, "Ladingo, na san abin da ake nema a wurinki, na kuma san nauyinsa. Amma ba ni da wani magaji, ke ma ba ki da wani ɗa."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah Ya ba ka nasara, ai kalma ɗaya ce. Zan je."

Ta ɗauki gorar ruwan rijiyar gidansu ta kama hanya. Ta ratsa dajin da ƙayarsa ke magana, ta ƙetare hamadar da yashinta ke ƙuna kamar garwashi, ta haye tsaunuka baƙaƙe ƙirin waɗanda tsuntsu ma ba ya sauka a kansu. A hanya takan raɓe bayan dutse, inda ba kowa, ta buɗe baki don ta gwada sunan, sai ta kasa, ta ji kamar surukinta ne tsaye a bayanta. Sai ta lallashi kanta, ta ce in ta gan shi ido da ido sunan zai fito da kansa.

A ƙofar Birnin Hantsi wani aljani ya tare ta, dogo siriri, mai rawanin kumfar teku da baki kamar an shafa masa zuma, sunansa Durunguza, shi ne jagoran baƙi. Ya rusuna ya ce, "Maraba da uwar ɗakina. Sai dai ki sani, birninmu ba ya karɓar mai buƙata, sai mai kallo. Wanda ke son ganin sarki sai ya zaga gari tukuna, ya ga abin da muke da shi, ya yaba."

Haka aka ja baiwar Allah nan yawon kallo, zuciyarta na tafarfasa. Ya nuna mata gidaje farare fat masu shuɗɗan tagogi, jere a gaɓa suna leƙen fuskokinsu cikin ruwa. Ya haurar da ita gadar lu'ulu'u, ya bi da ita ta lambunan lemo da kwakwa, ya ratsa da ita kasuwar kifi, inda ake gasa kifin zinariya a kan duwatsun da rana ta ɗumama. Ko'ina baƙi ne daga kowace kusurwa ta duniya, suna nuni da yatsa, suna dariya, ana miƙa musu ruwan kogi mai sanyi a ƙoƙunan azurfa. Masu miƙa ruwan kuwa, da masu shara, da masu fifita, duk 'yan Adam ne, 'ya'yan sarakuna da na attajirai, fuskokinsu wasai, idanunsu wayam. Duk inda aka miƙo mata ƙoƙo sai ta nuna gorarta.

Durunguza ya ce, "Uwar ɗakina, ba ki ce komai ba a kan gadarmu."

Ta ce, "Ta yi kyau."

Ya ce, "Lambun fa?"

Ta ce, "Shi ma ya yi kyau. Malam, ka kai ni wurin sarki."

Fadar Marzuƙanu a kan matakalar kogi take, a fili, ba rufi ba bango. Ga shi nan kan karagar murjani, jibgege, kwarjininsa ya cika gaɓa, gemunsa fari sol yana jan ruwa, manyan aljanu sun kewaye shi dama da hagu. Labari ya riga ya bazu cewa wata uwa ta zo kira, don haka baƙi suka bar kasuwa da lambu suka yi cincirindo, don a wurinsu wannan ma wani abin kallo ne. Aka yafuto wani mai tuƙa kwalekwale daga bakin ruwa, ya hauro ya durƙusa. Ɗayyabu ne. Rana ta dafa shi, tafin hannunsa ya yi kanta, ya dube ta da fara'ar da yake yi wa kowa, ya ce, "Sannu da zuwa, baƙuwarmu."

Marzuƙanu ya ce, "Ya ke 'yar Adam, kin sha hanya, ba kuwa za mu zalunce ki ba. Ga wanda kike nema. Kira shi da sunansa, ya tashi ya bi ki. Amma ki sani, abin da ya fara fita daga bakinki shi ne kiranki, babu na biyu."

Gimbiya Ladingo ta ɗaga ido ta dubi ɗanta, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Tausayi da ƙauna suka taso mata, sunan ya hauro ya tsaya a kan harshenta, tana jin ɗuminsa. Sai ta ji idanun taron nan duka a kanta, maza da mata, manya da dattawa. Ba ta san lokacin da wuyanta ya juya gefe ba, hannunta ya jawo mayafi ya kare baki, kamar yadda ya saba tun tana amarya. Ta ji muryarta tana cewa, "Kai, yaron nan, tashi mu tafi gida."

Ɗayyabu bai motsa ba. Ya ci gaba da murmushi, yana jiran a sallame shi.

Marzuƙanu ya ce, "Iyaye mata da yawa sun tsaya inda kike tsaye. Wasu da kuka suka yi kiran, wasu da ihu. Ban taɓa ganin wadda ta kawo sunan har nan ta koma da shi ba." Ta zube ƙasa, ita da ba ta taɓa roƙon kowa ba, ta kama ƙafar karaga, ta yi magiya, ta ce a ɗauki ranta a ba ta kira ɗaya. Ya girgiza kai ya ce, "Dokar ta girme ni, ba ni na kafa ta ba. A ƙetarar da ita."

Wanda ƙetarar da baƙi ta faɗo kansa a ranar kuwa shi ne Ɗayyabu. Ya riƙe mata hannu ta shiga kwalekwale, ya gyara mata wurin zama, ya kama tuƙi. Suka bi kogi suka gangara, birnin yana ƙyalli a bayansu, har suka fara jin rurin teku, suka kai gaɓar da ikon Marzuƙanu ya ƙare. Nan ba taro, ba sarki, ba mai yabo. Ta sauka, ta juyo ta dube shi sosai, hawaye na zuba, ta ce, "Ɗayyabu." Sunan ya fito sumul, ba wata wahala. Ta sake cewa, "Ɗayyabu."

Ya dogara da sandar tuƙi ya ce, "Suna mai daɗi, Iya. Na wane ne?"

Ta ce, "Na ɗana ne. Ɗana na fari."

Ya ce, "Allah Ya raya miki shi, Ya sa ya ji ƙanki. Ki gaishe shi in kin isa gida."

Ya tura kwalekwalensa ya juya, don akwai wasu baƙin suna jiransa a ƙetare. Ta tsaya a kan yashi tana kiran sunan, tana ƙara ɗaga murya, har ya yi nisan da ba zai ji ba. Allah Ya ba kowace uwa ikon faɗin abin da ke ranta tun ɗanta yana kusa da ita.