Gwaggwaron Yayar Amarya

Nazeefa Dallatu ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, tana zaune a Dutse Alhaji. Mace ce mai fara'a da kyauta, amma Allah ya zuba mata gaggawa. Kana cikin yi mata bayani za ta katse ka, alhali ko rabi ba ka kai ba.

Gashi kuwa akwai shi, cunkus, mai karya mataji, shi ya sa ba ta taɓa sakinsa gaban ƙawaye ba. Da bikin ƙanwarta Fiddausi ya matso, aka shirya liyafar mata zalla ranar Asabar, ba namiji, ba mai hoto, kowa ta cire ɗankwali ta sake. Nazeefa ta yi wa amarya alkawarin ranar za a ga gashinta kwance har kafaɗa.

Ranar Laraba ita da ƙawarta Nabilah suka je shagon gyaran gashi a Wuse, aka yi musu gyaran keratin, wanda ke kwantar da gashi ya yi santsi. Da Nazeefa ta dubi madubi sai da ta rangaɗa guɗa.

"Nabilah, ni ce wannan? Wallahi har iska nake ji a ƙeyata!"

Madam mai shagon ta ce da Hausarta ta Abuja, "Hajiya, ka saurara. Daga yau zuwa Asabar ba wanke kai, ba ɗaure shi da roba. Ɗankwali ka sa sako-sako. Sabulun salo kuma..."

"Na gane, Madam, na gane!" Har ta kai ƙofa tana kaɗa kai.

Juma'a aka yi kamu, kowa da anko. Nabilah ta yafa ɗan siliki mai laushi a kanta, ta ɗora mayafi. Nazeefa ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ke yanzu haka za ki fita, kamar mai zuwa awon ciki? Ni yayar amarya ce. Gwaggwarona sai an hango shi daga dutsen Zuma."

"An ce fa kar a matse."

"Gashi ne, ba ƙwai ba!"

Mai ɗauri ta tattara gashin nan, ta ƙulle shi da roba, ta ja gwaggwaro har girar Nazeefa ta ɗaga sama. Ya yi kyau, wannan ba musu. Ta shiga fili ta yi rawa har gumi ya jiƙa mata kai sharkaf.

Da ta koma gida ta warware, sai ga gashin ya lanƙwashe, layi ya zagaye kan kamar an kifa mata tukunya. To, mai hankali a nan zai tsaya ya kira Madam a san abin yi. Amma ina! Don Allah ku ji wauta: baiwar Allah ta faɗa banɗaki, ta ɗauko sabulun salo, ta dirje kan tas, wai layin ya fita. Ta ga bai fita ba, ta ƙara.

Da safe gindin gashin ya miƙe tsaye, bakinsa yana reto. Ta kira Madam a waya.

"Wayyo Hajiya! Ka wanke aikin duka. Ba a maimaita shi yau, gashi zai karye."

Haka ta tafi liyafa da ɗankwali har kunne. Nabilah na tsakiyar fili, gashinta na zuba kamar ruwa, mata sai tambayarta sunan shago suke yi. Amarya ta hango yayarta a lungu, ta taho da gudu.

"Yaya, ina alkawari?" Kafin Nazeefa ta kare, ta fizge ɗankwalin.

Goggonsu ta gyara tabarau ta leƙo.

"Nazeefa, 'yar nan, lantarki ne ya ja ki?"

Aka tuntsire da dariya, amarya har da durƙusawa. Nazeefa ta so ta yi fushi, amma da ta hango kanta a madubin bango ita ma ta fashe, har hawaye.

"To, an gani dai! Alkawari na ɗauka, na kuma cika. Ku sa mini kiɗa!"

Ta yi rawarta da gashinta a tsaye, Goggo na bin ta da mataji.

Darasi: idan aka gama maka aiki mai kyau, sauran aikin naka ne, kuma yawanci haƙuri ne kawai. Ka bari mai bayani ya kai ƙarshen maganarsa. In kuma ka yi ɓarnar farko, ka tsaya ka yi tambaya, don ta biyun, wadda ake yi da sunan gyara, ita ce ke kwashe komai.