Gefen Takardar da Maikano Ya Yanke

Maikano mutum ne da bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba". Yana da ɗan shago a unguwar Sentul, can Malesiya, inda yake yi wa ɗaliban Najeriya fotokwafi, yana kuma manne musu takardun shaida cikin roba da injin zafi, abin da ake kira lamineshin. A wurinsa duk takardar da ba ta shiga roba ba, ba ta da mutunci. Har takardar ɗaurin aurensa sai da ya gasa.

Matarsa Hadiyya ce ta kawo shi Malesiya. Tana karatun digirin digirgir a wata jami'a a Lembah Pantai, izinin zamansa a ƙasar kuma a jikin nata yake rataye. Wannan abu yana ci masa rai, don haka ya mai da karatunta abin zolaya. Ko a gaban baƙi "Daktan kifi" yake kiranta.

Bincikenta a kan yadda matuƙan jiragen ruwa na dā suke gane inda suke ne a tsakiyar teku. Kudu da arewa ba wuya, tsayin rana yana nuna musu. Amma nisan da suka yi gabas ko yamma ya daɗe yana gagarar mutane, jirage suna ta karo da duwatsu, har aka gano dabarar auna tazarar wata da taurari a kwatanta da lissafin da aka buga a littafi.

Irin wannan littafi ne malaminta, Farfesa Selvam, wani dattijo mazaunin Brickfields, ya ba ta aro. Ya haura shekara ɗari biyu. Darajarsa ba a bugun take ba, don akwai irinsa a wasu ɗakunan karatu. Wani matuƙi da ya riƙa bin mashigin Malaka ne ya cika gefen kowane shafi da rubutun hannunsa: abin da ya auna kowace rana, inda ya yi kuskure, da yadda ya gyara. Tawadar ta koɗe, hoto ba ya kama ta sosai, sai da gilashin ƙara girma. Shekara talatin dattijon bai bar littafin ya fita gidansa ba. Da zai tafi aikin ido ne ya danƙa mata, saboda ya yarda da ita.

Ta kwafe kashi ɗaya cikin uku na rubutun gefen ke nan zazzaɓi mai zafi ya kama 'yarsu Khaulah, aka ba su gado a asibiti. Kafin ta fita ta naɗe littafin a farin ƙyalle, ta ce, "Baban Khaulah, don Allah don Annabi kar a taɓa wannan. Amana ce, it's not mine."

Ya ce, "Relax lah. Ni da nake aikin takarda kullum za ki koya wa takarda?"

Washegari ya buɗe shi. Ya ga shafuka sun yi ruwan ƙasa, suna warin tsufa, ya girgiza kai don tausayin masu ilimi. Farfesa guda, amma bai san lamineshin ba! Ya sa littafin a leda ya tafi shago.

Bala, mai sayar da layin waya a shagon kusa, ya ga yana farke ɗinkin da reza. Ya ce, "Oga, wannan abu fa kamar antique ne. Ka kira Madam tukuna mana."

Maikano ya ce, "In kira mace in tambaye ta aikina? Abeg, je ka yi makan, ka cika cikinka, ka bar ni."

Shafukan sun ɗan fi robar faɗi. Wani zai tsaya a nan, amma ban da Maikano. Ya duba gefen, ya ga wasu ƙananan zane-zane kamar sawun kiyashi, ya ce ai datti ne. Ya jera su goma-goma a injin yanka, ya datse kowane gefe tsaf. Ya share tarkacen ya zuba a kwandon shara na bakin titi. Da la'asar aka tafka ruwan sama.

Kwana uku bayan nan Hadiyya ta dawo da yarinyar. Ya tarye ta da murmushi, ya ajiye mata tulin shafuka masu ƙyalli kamar takardar jerin abinci ta shagon mamak, irin gidajen abincin nan na bakin titi. Ta ɗaga ɗaya. Ta juya shi. Ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Ina gefen?"

"Wane gefe? Wannan jagwalgwalon? Na gyara, na zuba shi a kwandon sharar bakin shago. Ko shekara dubu wannan ba zai ruɓe ba."

Ta fita ba takalmi. Ɗalibai suka tsaya suna kallon matar aure tana tona kwandon shara da hannu tana kuka, amma tuni motar shara ta kwashe. Shi kuwa yana tsaye a ƙofar shago yana ce musu, "Kun gani? Ka yi wa mace alheri, ko thank you babu." Ina wurin ranar, kuma wallahi ko yanzu idan na tuna wannan tsayuwa tasa raina ɓaci yake yi.

Da Farfesa Selvam ya dawo, ta kai masa. Ya shafa robar da yatsa. Sannan ya tura mata abin, ya ce wannan ba littafinsa ba ne, ta tafi da shi. Bai yi faɗa ba, bai nemi diyya ba. Ya dai janye daga duba aikinta, labari ya zaga, babu malamin da ya yarda ya karɓe ta. Shekara huɗu na wahala suka tafi a banza. Da izinin karatunta ya ƙare, na Maikano ya faɗi tare da shi.

Hadiyya ta riga shi tafiya, ta wuce gidan iyayenta a Zariya da Khaulah, ta aiko masa cewa takardarta take jira. Abu ɗaya ta bar masa a ɗakin, wani kwali. Ya buɗe ya tarar da shafukan nan suna ƙyalli, da 'yar wasiƙa a sama: "Ka yi gaskiya, ba zai taɓa ruɓewa ba. Ka riƙe shi."

Darasin da ke nan a fili yake. Gwanintarka a sana'arka ba ta ba ka izinin sa hannu a abin da ba ka san darajarsa ba, balle amanar wani. Abin da idonka ya ɗauka datti, wataƙila shi ne rayuwar wani gaba ɗaya. Kira ɗaya na minti ɗaya ya ishi Maikano ya tsira da matarsa da zamansa, girman kai ya hana shi. Idan aka ce maka kar ka taɓa, to kar ka taɓa, kuma idan ba ka sani ba, ka tambaya.